Jar Tawadar Marigayi a Gefen Shafi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yar ƙanwata mai sana'ar hoto, wadda nake kira Uwata. Sallama da gaisuwa, ke da maigidanki.

Bayan haka, hotunan littafin mahaifina, kakanki, sun iso. Takarda ta fito fara fat, baƙin rubutu raɗau. Sai dai sharhin da marigayi ya yi da jar tawada a gefen shafi, wanda tsufa ya koɗar, babu shi ko ɗigo. Kin kuma san abin da yoyon rufi ya yi wa littafin bayan kin ɗauki hotunan: takardun sun manne, sun zama dunƙule. Kwana uku ke nan ina buɗe wa ɗalibai karatu ina rufewa. Ki gaya mini gaskiya, ya tafi ke nan?

Wassalam, kawunki.

*

Kawu, ina gaisuwa, ya ɗalibai?

Laifina ne. Hannuna ya saba da fuskar amare, duk tabon da na gani sai na goge. Na ɗauka jan nan datti ne, na yi ta ƙara haske har ya ɓace. Amma gyararren na aiko maka. Kyamara tana ajiye ɗanyen hoto mai riƙe da duk abin da ta gani, gyara ba ya taɓa shi. Yana nan a kwamfutata, zan bi shafi ɗari biyun ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce ka daina zagaye tsakar gida, ka kusa cinye simintin.

'Yarka.

*

Uwata, Allah Ya yi miki albarka.

Ki gaya wa mahaifiyarki simintin nawa ne. Sharaɗi guda nake gindaya miki: wannan naƙalin ilimi ne, amana ce. Kada ki ƙawata, kada ki rage. Tabon yatsa ma ki bar shi inda yake. Sau biyu na ɗauki sanda zan taho shagonki, ina kaiwa bakin titi na komo. Shafi nawa kika kai?

Kawunki.

*

Kawu, barka da war haka.

Na gama, jan Kaka ya dawo duka. Amma akwai magana. A shafi na tamanin da bakwai, da na rage haske na ɗaga ja, wani layi ya fito a can ƙasa, wanda ido ba ya gani ko lokacin da littafin ke da lafiya. Yana ƙarƙashin ruwayar nan da kake buɗe karatu da ita kullum, kana cewa daga bakin Kaka ka karɓa. Ga abin da ya rubuta: "Na bincika, wannan ba ta inganta ba. Kada a karantar da ita daga gare ni."

Na san shekara talatin kana faɗarta, har ɗalibanka na faɗa wa nasu. In na mayar da hasken baya kaɗan, shafin zai koma yadda ka san shi. Ban goge komai ba, ban kuma ƙara ba. Ni kaɗai na gani. Wanne zan buga?

'Yarka mai jiran umarni.

*

Uwata, wa alaikis salam.

Na jinkirta amsa kwana biyu, ina neman gafarar Allah a kan abin da raina ya so a cikinsu.

Ki bar layin a fili. Ki buga mini wannan shafi da girma, yadda ɗalibin da ke sahun baya zai karanta ba tare da ya matso ba. Ina buƙatarsa kafin karatun Asabar.

Wassalam, kawunki.