Sunayen Manoma a Hagu, Jikata a Dama

Daren Laraba, Haɗejiya

'Yata Hadiza ta sauka lafiya, mace! Jikata ta fari!

Kiran bidiyonta ya shigo kwamfuta daga Kano ina tsakiyar buga sunayen manoman Auyo da ruwa ya cinye wa shinkafa. Aikin kwana uku ne, gobe za a kai. Alhaji Bukar, shugaban ƙungiyarmu, yana tsaye a kaina. Ya ce, "Kar ka ɗauka, Malam Idi, sunayen za su goge! Dama na ce ɗan yaƙi da jahilci ba zai iya sakatare ba."

Na ɗauka. Na ja sunayen hagu, jaririya dama. Tana tsala kuka ina bugawa, Hadiza na cewa, "Baba, ga amaryarka, hancinka ta ɗauko." Ko harafi bai ɓace ba.

Alhaji ya gyara hula, ya ce ashe kwamfutar tana iya aiki biyu. Na ce har da ni.

Da furfura na koyi boko, kuma ba mai karɓe kujerar nan. Gobe da la'asar Hadiza za ta sake kira. Zan fito da kwamfutar zaure, kowa ya zo ya gani, ya gaida amaryata.