Mai Kwale-kwalen da Ya Juya Baya

Soundview, Bronx, 1993

Zuwa ga Fauzia, sanyin idona, ruwan randa a tsakar rana, inuwar da na tsinta a garin da ba bishiyar da ta san sunana. Gaisuwa mai yawa, da fatan mutanen Park Hill suna lafiya.

Fauzia, kin ɗaure mini kai, wallahi kin ɗaure shi tamau! Kin tuna ranar Lahadin nan a bakin jirgin fito, da na tattaro ƙarfin halina na tambaye ki ko in turo Kawu Abubakar wurin manyanki? Ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Kika sunkuyar da kai, kika miƙo mini wani abu a naɗe, kika shige jirgi. Na san 'ya mai kunya ba ta amsa wannan da baki, sai da kyauta. To amma ina aka taɓa amsawa da tsohon zanen hoto na mutanen Holan?

Kyau kam yana da shi. An ce a jikin tagulla aka karce shi, layi bayan layi, sannan aka buga a takarda, ba launi ko ɗaya, amma har sanyin kogin nake ji. Ga gari a gaɓa, gidaje masu tsinin kai sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ga injin niƙa mai fukafukai, ga shanu suna shan ruwa. Ga mace tsaye da kwando a bakin ruwa, na ce ke ce. Ga namiji a kwale-kwale tsakiyar kogi, na ce ni ne. Sai na lura ya ba ta baya!

Wayyo ni! Ni ɗan Yawuri ne, a cikin jirgin masunta aka yaye ni. A kogin Kwara, inda mai tuƙi ya sa fuska, can ya nufa. Na ce shi ke nan, Fauzia ta sallame ni cikin mutunci. Abinci ya fita raina, ina cikin tasi na dinga wuce fasinja suna ɗaga mini hannu ban gan su ba.

Jiya kuma na sauke wasu a Central Park, na tsaya bakin tafki. Me zan gani? Turawa suna tuƙa kwale-kwale da filafili biyu, kowa ya juya ƙeya ga inda za shi! Ikon Allah! Ashe a wurinsu mai ba ka baya yana iya zama mai zuwa gare ka? Na koma gida na zuba wa zanen idanu har suka yi ruwa. Da idon Yawuri, mutumin nan tafiya yake. Da idon Holan, saura kaɗan ya iso.

Ya farin watana, ki ji tausayina. Kawu zai koma gida bayan Sallah, shi kaɗai ne babbana a ƙasar nan, in ya tafi ba mai shige mini gaba. Goron ma na saya, yana cikin jiƙaƙƙen buhu, kullum sai na yayyafa masa ruwa.

Ke ma a ranar nan, baya kika ba ni. Faɗa mini, Fauzia, tuƙin wa kike yi, namu ko nasu?

Naki, wanda ba zai bar wannan gaɓa ba ko kogi ya ƙafe,
Ɗanjuma