Tarbar Raguna a Hanyar Bangi

Bangi, 8 ga Zulƙida

Zuwa ga ƙanena Abdulhamid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zulaiha da yara da ɗalibanka na makarantar lise. Ya zafin Tawa? Mu nan jiki lafiya lau, rai ne a ɓace, kuma kai ma kana da kasonka a ciki.

Ban kira ka a salula ba, don in na buɗe baki zan faɗi abin da ba ya maiduwa. Maganar Imrana ce, ɗan da na ba ka yana shekara bakwai, ka kai shi har jami'a, ka maido mini shi da takardar tattalin arziki. To, ga tattalin da yake yi. Ka san masu lodin raguna zuwa Yamai ni suke bugo wa jajibirin kasuwa, su gaya mini yadda za su saya. Ashe yaron nan yana gefe yana shan shayi, kunnensa na wurina. Da sassafe sai ya hau moto, babur ɗin nan nasa, ya tafi gindin gawon nan na mararraba, ya tare mutanen ƙauye tun ba su hango rumfa ko ɗaya ba. Wai ba ya yi musu ƙarya. Kuɗin watan jiya yake tayawa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Su kuwa su sallama, don suna ganin ɗan Yaƙubu Dillali ba zai cuce su ba.

Ka tuna Cima, tsohuwar nan da mijinta ya rasu, wadda nake sayar wa dabba shekara goma? Wata takwas tana turke da farin ragonta, dusa da harawa, ita kuwa tana kwana da fura tsararo. Ta sallama wa Imrana shi a hanya. Ta shigo kasuwa sayen gishiri, sai ga ragonta ana taya shi kusan ninki biyu. Ta zo gabana cikin mutane, ba zagi ba ihu, ta tambaye ni ko nawa ne rabona a ciki. Wallahi da ta kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi.

Da na tsare yaron a gida, ko a jikinsa. Wai ba wanda ya sa mata wuƙa a wuya, ita ta ce ta sallama. Wai littattafan da ka koya masa sun ce in kowa ya bi ribarsa, gari duka ya amfana. Wane gari? Ni abin da na sani, Baba ya karantar da mu a zaure cewa malamai na can da sun hana tarbar mai kaya kafin ya iso kasuwa ya ji yadda ake ciki. Ka ba ni amsa, Mushe, kamar yadda ɗalibanka ke kiran malaminsu: kai ka koya masa wannan?

Ka gaida mutan gida.

Yayanka,
Yaƙubu

Bangi, 22 ga Zulƙida

Ƙanena Abdulhamid,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Zulaiha? Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta iso, shafi huɗu, kamar huɗubar Juma'a! Ka ce tsofaffin masanan nan na Turawa ba haka suka tsaya ba, su ma sun ce ciniki ba ya zama sai da adalci, kuma mutum ya riƙa sa kansa a matsayin wanda yake ciniki da shi. Ka ce Imrana shafin da ya yi masa daɗi ya haddace. Madalla, ashe su da malaman Baba bakinsu ɗaya. Amma kai ka ba shi maki ya wuce, ba ni ba.

Na karanta masa. Dariya ya yi. Wai duk maganar zamanin raƙuma ce, yau kowa na da salula, wanda bai tambayi farashi ba shi ya so. Cima ce ke da salula? Na ce ya mayar mata da abin da ya hau, ya ce ba sadaka ya fito yi ba. Yanzu ma samari biyu sun bi sahunsa da motocinsu, tun da sun ga wurin ci.

Ni kuwa kasuwa biyu ke nan ba wanda ya miƙo mini igiya. Shekara talatin ina dillanci, Abdulhamid. Ba ni da garke, ba ni da kanti, abin da nake ci da shi kawai in na ce ga kuɗin dabba a yarda. Faruƙ, wanda ni na koya masa duba haƙorin rago, yana gefena da igiya goma, ni ina zaune ina korar ƙuda. Mutane su gaishe ni su kauda kai. Uwar Imrana tana roƙona in yi haƙuri har Layya ta wuce. Haƙurin me? Kafin Layya ta wuce ya gama cinye sunana ɗanye.

Kada ka sake aiko mini da huɗuba. Na san abin da zan yi.

Yayanka,
Yaƙubu

Bangi, 7 ga Zulhajji

Abdulhamid,

Ina gaisuwa, da fatan za a yi Salla lafiya.

Jiya ce kasuwar ƙarshe kafin Layya. Ina sallame asuba na ɗauki tabarma da buta, na taka da ƙafa na wuce gawon, har bakin ƙorama, inda duk mai zuwa daga ƙauye sai ya fara biyowa. Na shimfiɗa na zauna. Duk wanda ya zo da dabba sai in tashi in shafa bayanta, in faɗi abin da za ta yi a kasuwa da ƙarfi, yadda na baya ma zai ji. Ko dala ban karɓa ba.

Haka suka riƙa wuce Imrana da abokansa ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi sai ga shi a kan moto, idanu jajir. Ya ce na tozarta shi a gaban duniya. Akwai wani bawan Allah tsaye da baƙin rago yana jirana, na juya na faɗa masa kuɗinsa.

Cima ma ta wuce da akuya. Ta ji abin da na ce, ba ta amsa gaisuwata ba, kuma a kasuwa Faruƙ ta ba igiyar. Ban ga laifinta ba. Mutum huɗu dai sun ba ni tasu.

Da na koma gida da la'asar, ɗakin Imrana wayam. Uwarsa tuwo kawai ta ajiye mini ta juya. Ban iya ci ba. Ɗana ne, kuma bana shi na so ya riƙe mini ragon Layya in yanka.

An ce motar Tawa ya shiga. In ya zo wurinka ka ba shi abinci da wurin kwana, kada ka ce ni na roƙa. Amma ka gaya masa, duk hanyar da ya je ya tsaya, muddin ƙafata za ta kai ni, zai iske ni a gabansa da tabarmata.

Allah ya shirya mana. Ka gaida Zulaiha.

Yayanka,
Yaƙubu Dillali