Malamin Tuƙi da Gorar Ruwa

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin?

Yaya, gyara zama ki sha labari! Kin tuna na gaya miki ɗalibaina na makarantar koyon tuƙi suna ta guduna, har mai makarantar ya ce in wata ya ƙare a haka in ajiye masa mukullin mota? Ina ta zargin abokan aiki da yi mini zagon ƙasa, ashe bakina ne ke korar mini mutane!

Wata dattijuwa mai shagon yadi cikin ɗalibaina ce ta fasa ƙwan. Muna tsakiyar darasi na matso ina nuna mata madubi, sai ta taka birki, ta kashe mota. Ta ce ta haife ni, don haka ba za ta ɓoye mini ba: bakina yana wari, kuma alawar mintin da nake tsotsa ba ta rufe komai. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma kafin in isa gida murna ta kama ni, don yanzu na san abin da ke damuna.

Washegari na je wurin likitar haƙori. Ta tambayi ruwan da nake sha a wuni, na ce daga karin kumallo sai na tashi aiki. Filin da muke koyarwa ba banɗaki, shi ya sa nake ƙin sha. Ta ce to ga matsalar nan: in baki ya bushe, babu yawun da zai wanke shi, sai wari. Alawar kuma ta yi mini kogo a haƙori. Ta cike kogon, ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ta ce in riƙa goge baki safe da dare har da harshe, in yi sakace da zare, in sha ruwa a kai a kai.

Ruwan nan ne ya tsaya mini a rai. In na sha, ina zan zaga? Ki taya ni da addu'a, wata ya kusa ƙarewa.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na samu amsarki. Wato ke ma kin daɗe da sani kika yi shiru! Za mu haɗu.

Albishirinki! Aikina yana nan daram, gorar ruwa ba ta rabuwa da hannuna, kuma dabara na yi. Akwai wani gidan mai kusa da filin, da banɗaki a bayansa. Wurin ajiye motarsa matsattse ne, tsakanin bango da injin ba taya iska, sai da ribas ake shiga. Kowane darasi sai in sa ɗalibi ya kai mu can ya yi fakin, ya kashe mota ya miƙo mini mukulli. In ce ya zauna ya yi nazarin kurakuransa, ni kuwa in zaga baya abina.

Matata ce alƙaliya. Kullum kafin in fita sai na hura mata iska a fuska, kuma ta daina yamutsa hanci. Ɗalibi ko ɗaya bai sake guduna ba. Ranar gwaji kuwa, duk nawa suka yi ribas tashi ɗaya, har dattijuwar nan, wadda ta kawo mini surukarta koyon tuƙi washegari. Yaya, sai da na yi ƙwalla don daɗi.

Mai makarantar ya tara malamai ya yabe ni a gabansu, ya ce daga yau kowa ya riƙa kai ɗalibansa gidan man nan yadda nake yi. Yanzu in kin zo za ki ga motocinmu jere, malamai zaune a ciki sun haɗe rai, ana ta nazari. Ni kaɗai nake fitowa, kuma har yau ba wanda ya tambaye ni ina nake zuwa.

Ki gaida mini maigidan, ki shafa kan yara.

Naki har kullum,
Auta