Mijina Yana Gina Tukwane Marasa Zane

Malam Sambo,

Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma kada ka buga sunana. Ni malamar firamare ce a nan Kafanchan, ina da cikin fari wata bakwai. Ban san ta inda zan fara ba, domin in na ce littattafai ne suke neman raba ni da mijina, masu karatu za su yi mini dariya.

Mijina, bari in kira shi Silvanus, yana koyar da zane a wata kwalejin horon malamai. A Zariya ya yi karatu. Ba ya sha, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Lokacin da yake nemana hotunansa cike suke da launi, matan Kwoi suna shanya citta, kasuwar tashar jirgi, har ni ya zana da jan ɗankwali. Bara wani Bature da ya koyar da shi ya aiko masa da littattafai uku ta gidan waya, manya, masu takarda mai sheƙi. Na buɗe ina tsammanin hotuna. Malam, shafi guda shuɗi ne daga sama har ƙasa, ba mutum ba itace. Wani fari fat. Wani baƙi ƙirin. A ƙarƙashin kowanne an rubuta sunan mai zanen, kamar ya yi wani aiki. Littafi na uku na kwanoni ne da tukwane, su ma kowanne launi ɗaya, ba ko ɗigo.

Tun daga nan ya ajiye fenti. Ya samo yumɓu ya soma gina tukwane a bayan gida. Yakan goge su da dutse mai santsi, ya gasa, ya turbuɗe su cikin ƙaiƙayi da zafinsu, ya yayyafa musu ruwan makuba, su fito baƙaƙe suna ƙyalli. Yana jera su a ƙaramin ɗakin da muka ce zai zama na jariri. In na tambaye shi yaushe zai gama, sai ya ce baƙin bai kai ba tukuna. Bai kai ina ba, ba ya faɗa.

Mahaifiyata maginiya ce, haka ma uwarta. A ƙauyenmu namiji ba ya gina tukunya, kuma babu tukunyar da ke fita daga hannun mace ba zane, ko da totuwar masara ce aka gangara a wuyanta. Iri ɗaya tak ake bari sumul, ita ce wadda ake kifewa a kan kabari. Mu masu bi ne, amma ko mahaifina da yake dattijon ikilisiya sai da aka kife masa tasa. Silvanus yana wurin ranar, har ya tambayi ma'anarta.

Da Mama ta zo duba ni ta leƙa ɗakin, sai ta ja da baya, ta ƙi shan ruwan gidan. Ta ce tukunyar da ba a yi wa zane ba, ba ta da mai ita, kuma duk mataccen da ya rasa masauki ita yake nema. Sa'an nan ta dubi cikina ta ce shi ma na ciki ba a sa masa suna ba tukuna. Silvanus ya yi dariya, ya ce Mama ta fi malamansa na Zariya iya sharhi. Ita kuwa ta ce in ya gama yi wa matattu gini, ya zo ta koya masa na masu shan ruwa.

Da na bar shi a maganar tsofaffi, sai dai abubuwan da na gani da idona. Wata rana da tsakar rana na zauna na ƙura wa baƙin shafin nan ido don in gane abin da yake gani. Ba kome. Can sai ga gicciye yana fitowa a hankali daga cikin baƙin, kamar abu yana tasowa daga ƙasan rijiya. Na rufe littafin. Tukwanen kuma suna gunji. Ƙasa-ƙasa ne, kamar mutum yana waƙa bakinsa a rufe, yakan zo ya wuce. Lahadin da ta wuce muka tafi sujada tare, ni na kulle ƙofa. Da muka dawo na tarar da su duka a kife, baki ƙasa. Ya ce ba shi ba ne. Bai yi mamaki ba, bai kuma tayar da su ba.

Babu wanda zan kai ƙararsa wurinsa. Iyayensa sun rasu. Ƙanensa ɗaya, Alexander, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ba a gan shi ba, ba a ga gawarsa ba, kuma ba a kiran sunansa a gidanmu.

Yanzu Mama ta aiko cewa ko a farfasa tukwanen a ƙone littattafan, ko ta zo ta tafi da ni ƙarshen wata, kuma ba za ta yarda jariri ya shiga gidan ba. Shi kuma ya ce zai kai su wani baje kolin zane a Kaduna, wanda ya taɓa su shi ya taɓa. Jiya na ɗauki taɓarya na tsaya a bakin ɗakin. Na kasa shiga. Ina son mijina, Malam, amma ina tsoron haihuwa a gidan nan. In fasa, ko in tafi?

Mai jiran haihuwa, Kafanchan


'Yar'uwa,

Ajiye taɓaryar tukuna. Mu raba abin da yake da bayani da wanda ba shi da shi.

Littattafan ba na tsafi ba ne, na san irinsu. Akwai masu zane a Turai da Amurka, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, da suka daina kwatanta mutane da itatuwa, suka ce launi shi kaɗai ya isa a zauna a kalla. Maginan ƙasar Sin kuma ɗaruruwan shekaru suka yi suna fitar da kwanoni masu launi ɗaya. Kina iya cewa aikin bai burge ki ba, mutane da yawa a can ma haka suka ce.

Gicciyen da kika gani yana nan a shafin tun daga maɗaba'a. Mai irin wannan zane yakan jera baƙi iri-iri masu kusancin juna, ido kuwa sai ya daɗe kafin ya rarrabe su. Kowa ya ƙura ido zai gani, har wanda bai taɓa shiga majami'a ba. Gunjin ma ina zaton na jirgin ƙasa ne. Garinku mahaɗar layin dogo ce, kuma tukunyar da ba kome a cikinta takan amsa duk motsin ƙasa. Ki toshe bakunansu da tsumma ki saurara.

Wanda ya kife su, ban sani ba, kuma ba zan ƙaga miki amsa ba. Jirgi ba ya kife tukunya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai tayar da su ba.

Mahaifiyarki ba jahilci take yi ba. An yi littattafan nan domin mutanen da baƙar tukunya sumul ba ta tuna musu da kowa. A wurinku tana da aiki sananne, mijinki kuma ya san aikin, tunda ya tsaya a bakin kabari ya tambaya. Ban san zuciyarsa ba, ina iya yin kuskure. Amma mutumin da bai sami gawar ƙanensa ya binne ba, yana ta gina abin rufe kabari yana cewa bai kai ba, ba na jin littafi ne kawai ke damunsa. In haka ne, fasa tukwanen ba zai warkar da kome ba, zai dai koya masa ɓoye miki.

Ki zaunar da shi da rana, bayan ya ci abinci. Kada ki fara da tukwane. Ki kira sunan Alexander, ki tambaye shi wane irin yaro ne, sa'an nan ki yi shiru ki ba shi wuri. In ya buɗe baki, ku je wurin fasto tare ku nemi a yi sujadar tunawa a garinsu. In kuma kin ga ya daina ci ko barci, a haɗa da likita.

Bayan haka ki roƙe shi abu ɗaya, ya kwashe tukwanen da littattafan zuwa ɗakin zane na kwaleji cikin makon nan. Ba a fasa kome ba, ba a ƙone kome ba, Kaduna ma za su je daga can. Zuwa wurin Mama haihuwar fari kuwa ba abin kunya ba ne, in dai akwai asibiti kusa kuma ba ki bar zuwa awo ba. Amma shi zai raka ki da kansa, a faɗi lokacin dawowarki a gaban manya, don kada tafiyar ta zama yaji.

Idan ya zaɓi tukwane su kwana a gida ke ki kwana a waje, to ya ba ki amsa, ki bi mahaifiyarki ba tare da jin kin yi laifi ba. Ba na zaton zai yi haka. Allah ya sauke ki lafiya, ya kuma sanyaya zuciyar mijinki.

Sambo