Shekarun Rigarka ta Saƙi

Zuwa ga mahaifina, Malam Lawal Tela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mini, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Shekara huɗu da rasuwarka ban taɓa rubuta maka komai ba, sai yau da nake da magana. Na san ba kai za ka karanta ba. Dangi ne za su karanta da mutanen Ƙofar Guga, kuma dama su nake so su ji.

Baba, sojoji sun sake komawa bariki. An yi zaɓe, ƙanenka Baffa Iro ya ci kansila. Ana saura sati biyu a rantsar da su ya zo gida, ya ce Inna ta buɗe adakarka ta fito masa da babbar rigarka ta saƙi, mai aikin aska takwas ɗin nan. Da aro ya ce, wallahi da ni zan kai masa har gida. Amma cewa ya yi rigar ba taka ba ce. Wai ta kakanku ce, wani alƙali, ta haura shekara ɗari, ajiya kawai aka ba ka don kai ne babba, yanzu kuma ajiya ta dawo hannunsa. Ashe tun wajen yawon neman ƙuri'a yake faɗa wa mutane shi jinin alƙalai ne.

Kai kuwa da bakinka ka faɗa mini kakanku marini ne, har ya koma ga Allah shuni bai bar hannunsa ba.

Ina aji ɗaya lokacin da kake aikin rigar nan a zaure, wata da watanni, duk sa'ad da ɗinkin mutane ya lafa. Ranar da sojoji suka miƙa mulki karo na farko ka fara sa ta. Ba wanda ya gayyace ka ko'ina. Ƙofar shago ka zauna da rediyonka, kana ce wa masu wucewa, "Yau talaka ma yana da ranar sa riga."

Na faɗa wa Baffa haka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke mi kika sani? Yarinya ce ke lokacin. Ina ma ruwan mace da rigar maza?" Inna ta yi mini ido in yi shiru. Na yi shirun, amma na riga shi ɗaukar makullin adaka.

Washegari da na taso daga makarantar da nake koyarwa, na naɗe rigar cikin zane na kai wa tsohon abokin sana'arka, Malam Mamman na Gobarau. Idonsa ya yi rauni sosai yanzu, da yatsu yake dubawa. Ban faɗa masa rigimar ba. Cewa kawai na yi ya gaya mini shekarunta.

Ya fara da saƙin. Ya bi ƙananan layukan da aka haɗa, ya shinshina, ya ce wannan saƙar hannu ce, rinin shuni, irinta tana iya zama ta bara tana iya zama ta zamanin kakanni. Na ce a raina shi ke nan Baffa ya yi nasara.

Sai ya juya rigar ciki waje. Ya ce kai ka saba cewa, "Riga ba ta ƙarya, mai ita ke yi," don haka a tambayi cikinta. Ya tsinko ɗan zare daga bayan aikin, ya sa na ƙyasta ashana. Ya ce zaren tsamiya, silikin mutanen dā, in ya ƙone toka yake zama, da wari irin na gashi. Wannan kuwa narkewa ya yi, ya dunƙule kamar roba. Malam Mamman ya yi dariya ya ce, "Zaren kanti ne. Alƙalin da ya sa wannan, to a mota ya zo kotu."

Daga nan yatsansa ya sauka kan shafin da aka ɗinka ta ciki a gindin rigar, ya tsaya cak. Ɗinkin keke ne, kuma bayan ɗan taƙi kaɗan sai allura ta yi tsallake, ta sake yi. Ya sake bin ɗinkin da yatsa. Can ya ce, "Keken Lawal ne. Har ya mutu ina ce masa ya gyara tsallaken nan." Ya goge idonsa da hannun riga, ni ma na kau da kai.

Sauran shaidar ni na gano ta da na koma gida. Na zura hannu cikin aljihun, na ji ƙyallen da ka ƙarfafa bakinsa da shi ba saƙi ba ne. Na fito da shi haske. Shuɗi ne mai ratsin fari, ragowar yadin yunifom ɗina na aji ɗaya. Shekara ashirin, Baba. Iyakar shekarunta ke nan.

Ranar Jumu'a Baffa ya tara manyan dangi a zaurenka don su sa Inna ta ba shi rigar. Na tsaya bakin ƙofa na yi sallama, na roƙi izini. Na ƙona zare a gabansu, na nuna musu tsallaken keke, na juyo aljihu. Baffa ya ce na kunyata shi, ya ce boko ya lalata ni. Na ce masa, "Baffa, ko yanzu ka ce rigar wanka tela ce, shi ya ɗinka, ka ɗauka ka sa, halak malak."

Kowa a zauren shi yake kallo. Maganar da na nemi ya faɗa ba ta kai numfashi guda ba. Ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Da shadda aka rantsar da shi. Tun daga ranar rabin dangi ba su amsa gaisuwata da kyau, ana cewa ɗiyar Lawal ba ta da kunya. Inna ta matsa in je in ba shi haƙuri, na je, na durƙusa. Na ba shi haƙurin ɗaga murya, don wannan kam laifi ne. Ya jira sauran, sauran bai zo ba, kuma ba zai zo ba. Duk mai ganin na yi rashin kunya, ya zo da ashanarsa, rigar tana nan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ina kwaleji wata malama ta tambaye ni sana'ar mahaifina, na ce ɗan kasuwa ne. Ran nan ka zo ziyara da zare maƙale a hularka, na cire maka da sauri, ka ɗauka kulawa ce, har ka sa mini albarka. Ka yafe mini, Babana. Wataƙila shi ya sa maganar Baffa ta ƙona ni haka, don na san daga inda ta fito.

Jiya na ɗauki allura na ɗinka ɗan farin ƙyalle a cikin wuyan rigar, na rubuta da zare: Ɗinkin Malam Lawal Tela, jikan marini. Haruffan sun karkace. Da kana nan da ka sa na warware na sake. Haka zan bar su.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya tufatar da kai da tufafin Aljanna, kai da ka ƙarar da idonka wajen suturta mutane. Ya shirya tsakaninmu da Baffa a kan gaskiya. Amin.

Ni ce ɗiyarka,
Binta Lawal Tela