Layin Da Na Manta Ban Canja Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda baki ba ya iya ɗauka sai takarda. Taku ashirin ne tsakanin teburina da naki, na ƙirga, amma yau kwana uku ke nan ƙafata ta ƙi kai ni. Shi ya sa Sarkin Ƙararrawanki, mai tura saƙo zuwa wayoyi talatin cikin ƙiftawar ido, ya koma ga biro da takarda.

Kin tuna ranar da kika raɗa min sunan nan? Ban daɗe da karɓar aikin sa ido a kan injinan sabar, wato manyan kwamfutocin kamfani ba, ina ji da kaina. Na saita gwaje-gwaje suna leƙa kowane inji minti-minti: yana numfashi, ma'ajinsa ya kusa cika, ya fara nauyin jiki? Ko tari inji ya yi, sai gargaɗi ya tafi wayar kowa, sashen sadarwa, sashen manhaja, da naku na rumbun bayanai. Sai ga ki da rana tsaka, kika dire wayarki kusa da kofin shayina tana ta rawa a kan tebur, kika ce, "Malam, injinanka sun fi jariri kuka. Ko ka koya musu kunya, ko ka riƙe wayar nan ka yi renonta." Wayyo ni! Wa ya taɓa shan faɗa mai daɗi haka? Rabin maganar ma ban ji ba, idanunki nake kallo.

Mako biyu muka yi a ƙaramin ɗakin taro, mai kujerar nan da ke karkacewa, muna tankaɗe da rairaya. Ke kika koya min cewa kowane gargaɗi sai da mai shi: wannan na sadarwa, wannan na manhaja, wannan naku. Wanda zai iya jira ya tafi akwatin saƙo, wanda ba zai iya ba ya buga waya. Idan ma'aji ya cika kashi tamanin cikin ɗari gargaɗin rawaya ne, casa'in kuwa ja. Aikin kwana biyar ne, ni na yi ta jan ƙafa, kuma na san kin gane, don murmushinki ya tona ki. A ɗakin nan na fara sonki, ban kuma daina ba.

Ya farin watana, yanzu ga abin da ya hana ni zuwa.

Ranar Litinin da rumbu ya cika, aiki ya tsaya cak awa uku, Oga ya kira taro ya tsayar da ke a gaban kowa yana tambayar yadda gargaɗi ya fita har sau shida amma babu wanda ya motsa a sashenki. Kika ce wayarki ba ta yi ƙara ba. Ya nuna allo, ga shi an rubuta "an aika". Gaskiyarki ce, masoyiyata. An aika, amma ba gare ki ba. Ranar da aka ƙaro muku sabon inji ina sauri, sai na kwafo tsarin wani injin sadarwa na liƙa. Na gyara suna, na gyara adadi, na bar layi ɗaya, layin da ke faɗin sashen da ke da injin. Gargaɗin ya tafi wurin mutanen sadarwa, su kuma suka ga maganar rumbu ce, suka ɗauka ku ma kun samu, suka ci gaba da harkarsu.

Tun muna cikin taron na duba na gani. Na gani, na yi shiru! Kujera biyu ce tsakaninmu, ina kallon yadda kike murza bakin mayafinki. Tsoron Oga ne? Kaɗan. Babban tsoron shi ne ki waiwayo ki ga ashe ni ne. Da aka tashi kika biyo ni har bakin matakala, kika miƙo min wayarki kika ce, "Don Allah duba min, ko ita ce ta lalace." Na karɓa, na jujjuya ta, na ce zan bincika. Wane irin mutum ne ke yin haka ga wadda yake so? Kunyar wannan ta fi ta layin ci na.

Jiya Umma ta tambayi abin da ya raba ni da abinci, ƙanwata ta ce, "Ƙyale shi, Umma, ciwon nasa a ofis yake zaune." Suka yi dariya, ni ko na kasa.

Na ji an ce ranar Juma'a za a karɓe shugabancin sashen daga hannunki. Ba za a yi miki haka a kan laifina ba, in Allah ya yarda. Yau da safe na gyara layin, na bi injina arba'in da ɗaya ɗai-ɗai, na tura gargaɗin gwaji ga kowane sashe. Daga nan inda nake na jiyo wayarki ta yi ƙara. Sannan na rubuta wa Oga rahoto da sunana a sama, har da lokacin da na gano da kwanakin da na yi gum. Na aika masa kafin in ɗauki biron nan, don kada ki zaci ciniki nake yi da ke.

Ya raɓar safiyata, ba yafiya nake roƙo yau ba, ban kai nan ba tukuna. Kin san kowane gargaɗi amsa biyu gare shi, "na gani" da "an gyara", kuma tsakaninsu akan ɗauki kwanaki. Ta farkon kawai nake nema. Ki yi fushinki son ranki, haƙƙinki ne, zan jira. A tsarin aikinmu, idan na farko bai amsa ba cikin minti goma, sai kira ya wuce ga na biyu a jeri. Wannan saƙon ba zai wuce ko'ina ba. Ba ni da ta biyu.

Naki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,
har iya tsawon rayuwata.